Shika, Alƙahira ko Mai Saiwa: Ina Za a Kai Mai Ciwon PBC?

Duk gidan da aka ce uwa na da ciwon hanta a Zariya, kafin magariba an kasu uku. Akwai masu cewa a bar ta a hannun likitocin asibitin koyarwa na Shika. Akwai ɗan da ke aiki a Abuja ko Legas, wanda tuni ya fara tambayar kuɗin biza da na jirgin Alƙahira ko Delhi. Sai goggo ko maƙwabciya da ta san wani mai magani a bayan gari wanda maganinsa na shawara "bai taɓa faɗuwa ƙasa ba". Kowa da kyakkyawar niyya, kuma kowa na da labarin wanda ya samu sauƙi ta hanyarsa. Sai dai ciwon hanta iri-iri ne. A nan ina magana ne kan guda ɗaya, wanda likitoci ke rubutawa PBC, wato primary biliary cholangitis, domin yana cikin cututtukan da ake iya ƙarar da dukiyar gida a kansu a banza alhali abin da ake nema yana kusa.

Hanta ce ke yin ruwan matsarmama, wanda ke taimaka wa hanji narkar da maiƙo, yana kuma kwashe wani datti daga jini. Ruwan yana bin ƙananan hanyoyi a cikin hantar, su haɗu su zama manya, har ya sauka hanji. Wanda ya san lungunan cikin birni zai gane tsarin: kowane gida da rariyarsa, rariyoyi na zuba a kwata, kwata ta kai lambatu. A PBC lambatun lafiya lau yake, rariyoyin ne ke rushewa ɗaya bayan ɗaya, kuma garkuwar jikin mutum ce da kanta ke rusa su. Ruwan ya rasa mafita, ya kwanta a hanta yana cin ta a hankali, shekara da shekaru, har tabo ya maye gurbin nama mai lafiya. Shi ya sa za a yi hoton ciki a ce ba a ga komai ba, alhali ɓarna na gudana a inda na'urar ba ta gani.

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka ba a ɗaukarsa a kwano, ko a shimfiɗa, ko a reza. Babu dalilin ware wa mara lafiya kofinta. Kusan tara cikin goma na masu shi mata ne, kuma an fi gano shi tsakanin shekara 40 zuwa 60. Da yawa ba su jin komai lokacin da aka gano shi, gwajin jinin wani abu daban ne ke tona shi. Masu jin alama kuwa, abu biyu ne kan gaba: gajiya wadda barci ba ya maganinta, da ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ba. Ƙaiƙayin ya fi tashi da dare, a tafin hannu da tafin ƙafa. Za ka ga dattijuwa zaune a bakin gado bayan kowa ya yi barci, ta ɗora ƙafa kan gwiwa tana kartar tafin da mataji, da safe kuma ga sawun farce a ƙwauri da gadon baya. Wasu idonsu da bakinsu kan bushe, har loma ba ta wucewa sai da ruwa. Wasu fatarsu ta ƙara duhu, ko wani abu rawaya-rawaya ya fito a fatar ido. Shi kuwa rawayan ido, wanda mu ke jira kafin mu ce shawara ce, sai ciwon ya yi nisa yake zuwa.

Kafin a yi gardamar inda za a kai ta, a fara tabbatar da cewa PBC ɗin ne, domin a ƙasar nan ba shi ne na farko da za a zarga ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da cutar hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Ga tsakuwar matsarmama, wadda ta yawaita ga masu sikila. Ga ɓarnar da magunguna da jiƙe-jiƙe ke yi wa hanta. Saboda haka likita zai fara da gwajin B da C, da hoton ciki don ganin ko babbar hanya ce ta toshe, da gwajin aikin hanta. A takardar sakamakon, layin da ya kamata a zuba wa ido shi ne ALP, wani sinadari da ke hawa a jini idan ruwan matsarmama ya rasa mafita. Idan ya daɗe a sama, hoto kuma bai nuna toshewa ba, sai a nemi gwajin da ake kira AMA, wani sinadarin garkuwar jiki wanda ke fitowa a jinin sama da kashi 90 cikin ɗari na masu PBC. ALP a sama da AMA a jini sun isa a yanke hukunci, galibi ba sai an tsaga an ɗebo ƙwayar hanta ba. Idan ba a yin AMA a kusa, ana ɗibar jinin a aika babban ɗakin gwaji. Jinin ne zai yi tafiyar, Hajiya na zaune a ɗakinta. Wanda kuma ya ga an rubuta primary biliary cirrhosis a tsohuwar takarda kada hankalinsa ya tashi tukuna: tsohon sunan ciwon ke nan kafin a sauya shi wajen 2015, an kuma sauya ne saboda yawancin masu shi hantarsu ba ta kai ga ƙandarewa ba, wato abin da ake kira cirrhosis.

Mu fara da zama a gida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ciki da hanta, kuma nan ne ƙananan asibitocin yankin, daga Giwa har Maƙarfi, ke tura irin wannan matsala. Abin da za su rubuta shi ne abin da za a rubuta a Landan ko Delhi: maganin da a jikin kwalinsa za a ga ursodeoxycholic acid ko ursodiol, a taƙaice UDCA. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo tun 1997, kuma har yau shi ne na farko a duk duniya. Aikinsa shi ne ya rage dafin ruwan matsarmamar da ya kwanta, ya sa ya riƙa gudana. Ba ya kawar da ciwon, amma yana rage masa gudu sosai, har ma wadda aka fara wa da wuri kuma jikinta ya karɓa tana iya yin tsawon rai daidai da sa'o'inta, da yardar Allah.

Da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 13 zuwa 15 a kan kowane kilo, kullum. Mace mai kilo 60 za ta sha tsakanin 780 da 900, wato kafso uku na 300. Mai kilo 80 sai huɗu. A lissafa: uku a rana, 90 ke nan a wata, sama da 1,000 a shekara, kuma har ƙarshen rai. A nan ne wahalar wannan hanya take. Maganin daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Abin da na fi gani yana kayar da mutane shi ne miƙa magani: a rubuta uku, a riƙa ba da ɗaya don kwali ya kai ƙarshen wata. Wannan asara ce biyu, kuɗi ya tafi aiki bai yiwu ba. Gara a zauna da 'ya'ya a raba nauyin wata-wata, a sayi na wata biyu ko uku a babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai inshorar NHIA ko KADCHMA ta jihar Kaduna ya tambaya abin da inshorar za ta ɗauka na gwaje-gwaje da ganin likita. Azumi ba ya hana shi, domin ana iya raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki. Mai juna biyu ko mai shayarwa ma ba a cika tsayar mata da shi ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa mara lafiya tun ranar farko, don rashin faɗarsa ne ke kai mutane wajen mai saiwa. UDCA hanta yake karewa, ba ya cika taɓa ƙaiƙayi ko gajiya. Bayan wata shida za ka ji an yi irin wannan:

"Hajiya, kin sha na safe?"

"Wane na safe? Tun kafin babbar salla nake haɗiyar abin nan, har yau ban yi barcin kirki ba. Ku bar ɓarnar kuɗinku."

Tana da gaskiyarta, ita jikinta take ji. Amma aikin maganin a takardar gwaji ake ganinsa: ALP ya sauka ko bai sauka ba, bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, yana nan daidai ko ya motsa. Shi ƙaiƙayi maganinsa daban. Ana farawa da cholestyramine, wani gari ne a ƙaramar leda da ake damawa da ruwa, kuma dole a bar kamar awa huɗu tsakaninsa da sauran magunguna, in ba haka ba ya riƙe su a hanji su fita ba su yi aiki ba. Idan bai yi ba, likita na iya gwada rifampicin, maganin tarin fukan nan da ke mayar da fitsari ja. Wannan kam ba na saye a kemis ba ne, don shi kansa yana iya taɓa hanta, sai ana bi da gwaji. A yanke farce, a guji wanka da ruwa mai zafi sosai, a shafa mai ba ƙaƙƙautawa musamman lokacin hunturu. Sannan ciwon na cinye ƙashi, don haka ana duba batun sinadarin kalsiyam da bitamin D, a kuma gwada maƙoƙo, saboda cututtukan garkuwar jiki sukan zo tare.

Bayan shekara guda ana shan UDCA daidai ake yin hisabi. Kusan ɗaya cikin uku, ko sama da haka kaɗan, ALP ɗinsu ba ya sauka yadda ake so, kuma an fi ganin haka ga waɗanda ciwon ya kama da ƙuruciya. Nan ma ba a kai ga neman fasfo ba. Akwai bezafibrate, tsohon maganin rage kitsen jini, miligiram 400 a rana a kan UDCA. A wani gwaji da aka yi a Faransa kan mutum 100, aka wallafa a 2018, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka ƙara wa shi gwajinsu ya koma daidai gaba ɗaya bayan shekara biyu, a cikin waɗanda ba a ƙara wa ba kuwa ko mutum ɗaya ba a samu ba. Yana kuma rage ƙaiƙayi. Ɗan'uwansa fenofibrate ma ana amfani da shi. Sharaɗin shi ne a riƙa duba ƙoda, a kuma kai rahoton ciwon tsoka.

Yanzu hanyar waje. Ba zan ce ba ta da amfani ba. A manyan asibitocin Alƙahira, Delhi, Chennai ko Istanbul, gwajin da zai ɗauki makonni a nan, tsakanin layi da ranar ganin likita da jiran sakamako, ana iya gama shi cikin 'yan kwanaki. Za a auna taurin hanta da na'urar FibroScan, a yi hoton MRCP idan ana zargin manyan hanyoyin ne suka ƙuntace, wanda ciwo ne daban da ake kira PSC. Idan likitocin gida sun yi iya yinsu an kasa gane abin da ke faruwa, ko ana zaton PBC ya haɗu da wani ciwon garkuwar jiki na hanta, tafiya ɗaya don tantancewa tana da ma'ana ga mai hali.

Amma ga wadda an riga an tabbatar PBC ne, idonta fari, cikinta bai kumbura ba, me za ta samo? Za a sake gwajin da aka yi mata, a rubuta mata UDCA, a ce ta dawo bayan wata shida. Kuɗin jirgin mutum biyu, masauki, tafinta da ladan dillali, in an tara su, maganin shekaru ne. Dillalan asibitocin waje kuwa a kan kowane mara lafiya suke samun nasu, don haka ba daga bakinsu za ka ji cewa tafiyar ba ta zama dole ba. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: ciwon na buƙatar likitan da zai riƙa ganin takardun gwaji shekara bayan shekara yana kwatanta na bana da na bara. Likitan Alƙahira ba zai yi wannan daga can ba. Ko an tafi, Shika za a dawo.

Wani zai ce ai a waje akwai sababbin magunguna. Akwai. Elafibranor da seladelpar duka a 2024 Amurka ta amince da su, ga waɗanda UDCA bai wadatar ba. Suna saukar da ALP, seladelpar ma yana taimakon ƙaiƙayi. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mai albashi nesa ba kusa ba, kuma su ma ba a daina su. Kwalin wata uku da aka taho da shi a jaka ba ya biyan buƙata idan babu hanyar samun na huɗu. Akwai kuma obeticholic acid, wanda aka amince da shi a 2016 ana ta murna. Yana ƙara ƙaiƙayi, yana da haɗari ga hantar da ta riga ta ƙandare, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2024. Wanda aka ba shi a waje ya nuna wa likitansa na gida kafin ya ci gaba.

Inda tafiya ke zama wajibi shi ne dashen hanta. Dashen ƙoda an daɗe ana yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma na hanta bai zama aikin yau da gobe a asibitocinmu ba, masu buƙata waje suke fita. Alamomin lokacinsa a bayyane suke: ido ya yi rawaya ya ƙi washewa, bilirubin ya zauna sama da maikromol 50 a lita, wato miligiram 3 a ɗaya ma'aunin, ciki ya tara ruwa, aman jini ko baƙin bahaya, rikicewar tunani da barcin rana. Aman jini kam ba a jira gari ya waye, sashen gaggawa za a nufa a daren. Wani lokaci ƙaiƙayin da ya gagari kowane magani ma kan zama dalili. Sakamakon dashe ga masu PBC yana cikin mafi kyau a duk cututtukan hanta, ko da yake ciwon na iya komowa a sabuwar hantar bayan shekaru, galibi a hankali. Baƙo sai ya tafi da wanda zai ba shi yankin hantarsa, kuma dokar Indiya ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, sai kwamiti ya tantance dangantakar mai bayarwa da mai karɓa. Kuɗin aikin gomman dubban daloli ne, bayan an dawo kuma ga magungunan hana jiki ƙin sabuwar hanta, irin su tacrolimus, da gwajin jini har abada. Gidan da ya sayar da gona don tafiyar da ba ta zama dole ba, ranar da ta zama dole me zai sayar?

Saura mai saiwa. A yi masa adalci: yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, yana zama ya saurari mutum, ba ya duba agogo. Kuma sunan da ya yi ba ƙarya ba ce zalla. Shawara da yawa, irin wadda nau'in A da E ke kawowa ta gurɓataccen ruwa, da kanta take washewa cikin makonni, ko an sha jiƙon rawaya ko ba a sha ba. Yaro ya sha, ido ya yi fari, yabo ya tafi ga saiwa. PBC ba ya cikin masu tafiya da kansu. Babu wata saiwa ko sassaƙe da aka gwada aka ga tana tsayar da shi, kuma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke fama da shi. Jiƙon da ke cikin jarka ba wanda ya san ƙarfin na yau da na jiya. Ko da bai yi illa ba, shekara biyu da aka yi ana jiƙo ana tsimi shekara biyu ce da hanyoyin suka ci gaba da rushewa, kuma wanda ya rushe ba ya dawowa. Addu'a, sadaka da zamzam ba su da rigima da kafso, a haɗa su. Abin da za a kiyaye shi ne a daina maganin asibiti saboda an fara wani, ko a ɓoye wa likita abin da ake sha a gida. Faɗa masa, ko zai ɓata rai.

A ganina ma kemis ɗin unguwa ya fi mai saiwa haɗari a wannan ciwo, don shi kayansa na da ƙarfi da gaske. Mace ta je da kukan ƙaiƙayi, a haɗa mata Piriton da prednisolone ko dexamethasone. Piriton barci kawai zai sa ta. Sauran biyun ba su maganin PBC, suna kuma ƙara cinye ƙashin da ciwon ya riga ya raunana, su tayar da sukari da hawan jini, fuska ta cika a ɗauka ƙiba ce ta samun lafiya. Akwai wani ciwon garkuwar jiki na hanta da ake ba da irin waɗannan magunguna a kansa, amma gwaji ne ke raba su, ba kallon ido ba.

Da za a tambaye ni a zaman gida, ga abin da zan ce wa Yaya da Goggo. Idan idonta fari ne kuma bilirubin daidai, a bar ta a Zariya, kuɗin jirgin a mayar da shi asusun magani, a samu mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe fayil, ya jera duk takardun gwaji bisa kwanan wata, ya riƙa raka ta asibiti. Idan shekara ta zagayo ALP bai sauka ba, a tambayi likita batun ƙara magani na biyu. Idan bilirubin ya fara hawa ko wata daga cikin alamomin can ta bayyana, a fara maganar dashe tun tana da ƙarfin tafiya, kuma likitan da ke duba ta ne zai rubuta takardar turawa, ba dillali ba. Sannan tunda ciwon ya fi yawa a tsakanin 'yan'uwa mata na jini, ƙannenta da 'ya'yanta mata da suka manyanta su sa a duba musu ALP duk lokacin da suka je gwajin jini, musamman wadda ta fara kukan gajiya ko ƙaiƙayin dare.